Layi 86,000 da agogon minti biyu

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman agaji, tun jiya kaina ya ɗau zafi. Wani kamfanin raba kayan masarufi da nake yi wa aiki ne suke barin Excel za su koma Odoo 16, manhajar gudanar da kasuwanci, a kan sabarsu ta ofis, PostgreSQL a baya yana ajiye bayanai, nginx a gaba yana karɓar buƙatun burauza ya miƙa wa Odoo. Jerin kaya da sunayen kwastomomi duk sun shiga lafiya. Abin da ya gagara shi ne cinikin bashi, layi 86,000 da 'yan kai, tun daga 2021. In na danna maɓallin shigarwa sai abin ya yi ta juyawa, minti ɗaya cif sai ya watso min 504 Gateway Timeout. Alhaji ya ce ranar Litinin yake so masu karɓar kuɗi su fara aiki da sabon tsari. Yau ga shi Alhamis.

Baban Ikram: Wa'alaikumus salam. Ƙaramin abu ne wannan ƙanena. Ba Odoo ne ya yanke ka ba, nginx ne. In ba ka taɓa proxy_read_timeout ba, daƙiƙa 60 yake jira ya ji amsa daga baya, in shiru sai ya sallami burauza da 504. Ko a misalin da Odoo suka bayar na haɗa shi da nginx, 720 suka sa. Gyara shi ka sake loda nginx.

'Yar Gombe: Tsaya tukuna, da mai shigar da fayil na cikin Odoo kake amfani? Don shi yana yanka fayil da kansa, layi 2,000 kowane zubi, bai kamata ka kai ga wannan ba.

Ɗan Fagge: A'a Anti, nawa na rubuta. Fayil ɗin nasu kowane layi kaya ɗaya ne, sai an tattara layukan da ke da lambar rasit ɗaya su zama rasit guda, a nemo kwastoma da lambar wayarsa, a ƙirƙiri rasit, a tabbatar da shi ya hau littafi. Duk a maɓalli ɗaya na sa.

'Yar Gombe: Duk a maɓalli ɗaya. To Allah ya kyauta.

Ɗan Fagge: Yaya Baban Ikram na mayar da shi 720. Yanzu ya wuce minti ɗaya, amma yana kai minti biyu sai ya mutu, kuma wannan karon 502 ne. A log na ga an rubuta WorkerHTTP timeout after 120s.

Baban Ikram: Yauwa, ka wuce mai gadin farko ka tarar da na biyu. Odoo yana da agogo biyu a kan kowace buƙata: limit_time_cpu daƙiƙa 60, limit_time_real daƙiƙa 120. Wanda ya wuce, uwar sabar takan kashe ma'aikacin, wato ɓangaren Odoo da ke gudanar da buƙatar, ta tayar da sabo. Buɗe odoo.conf ka sa na farko 3600, na biyu 7200, nginx ma ka kai shi 7200. Ka danna, ka je ka sha shayi ka dawo.

Malam Na-Zazzau: Kafin ka taɓa komai. Ɗan Fagge, a duk gwaje-gwajenka akwai lokacin da ka yanko ƙaramin fayil ka gwada da shi?

Ɗan Fagge: Eh Malam, daren jiya. Na ware na reshe ɗaya, layi wajen 3,000. Shi ma 504 ya ba ni. Na sake dannawa sau biyu, duk haka, sai na haƙura na kwanta.

Malam Na-Zazzau: Je ka ƙirga rasitan wannan reshen da ke cikin rumbun bayanai yanzu. Ina jira.

Ɗan Fagge: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam kowane rasit sau uku ya shiga. Akwai wani mai shago da ake bin sa naira 410,000, yanzu tsarin yana nuna 1,230,000. Ta yaya? Ai kuskure ya nuna min!

Malam Na-Zazzau: nginx ne ya gaji da jira, shi kuwa ma'aikacin Odoo babu wanda ya gaya masa ya tsaya. Kai ka ga 504 a daƙiƙa 60, shi yana ciki yana aikinsa, ya gama a daƙiƙa 80 ko 90, bai kai 120 ba balle a kashe shi, ya yi komit, wato ya adana aikin dindindin a rumbu, ya juyo zai ba da amsa ya tarar babu kowa a bakin ƙofa. Ka sake dannawa, ya sake yi. Babban fayil ɗin ne ma ya yi maka gata, don shi ba ya ƙarewa kafin 120, ana kashe ma'aikacin PostgreSQL ya warware duk abin da aka fara, kamar ba a yi ba.

Abin da nake so matasanmu su riƙe ke nan: ƙarewar wa'adi ba ta nufin aikin bai yiwu ba. Tana nufin wanda ke jira ya daina jira. Ko ya yiwu ko bai yiwu ba, sai ka je ka duba.

Kana da kwafin ajiya na kafin daren jiya?

Ɗan Fagge: Ina da na safiyar Laraba, Alhamdulillah. Kuma ba a fara aiki da tsarin ba tukuna.

Malam Na-Zazzau: To dawo da shi. Kada ka tsaya goge rasitai ɗaya bayan ɗaya, tunda sun riga sun hau littafi sun ci lambobi. Tsalle ɗaya ake faɗawa rijiya.

Baban Ikram: Na yarda da batun maimaici, wannan ban hango shi ba. Amma har yanzu ina kan bakana. Aikin nan sau ɗaya za a yi shi a rayuwar kamfanin. Babu kowa a kan tsarin. Don me yaro zai ɓata kwana biyu yana gina jerin jira da teburori saboda abin da zai yi sau ɗaya? A ɗaga wa'adi, a shigar, a mayar da wa'adi yadda yake. Ni na yi haka ya fi a ƙirga, ban taɓa kwana a ciki ba.

Mai Java: Ina bayan Baban Ikram rabi. Kowane tsari da irin nasa agogon, kuma duk an saita su ne don buƙatar mutum mai danna maɓalli yana jiran shafi ya buɗe, ba don lodin tirela ba. WildFly daƙiƙa 300 yake ba tiransakshan (ɗaurin aiki a rumbu da ko ya shiga duka ko ya warware duka), WebLogic 30, Apache OFBiz 60. Can wajen .NET TransactionScope minti ɗaya ne, kuma ko ka rubuta awa goma a kod ɗinka akwai silin na minti goma a machine.config da zai danne ka, mutane da yawa sun sha wuya kafin su gano shi. Don haka ɗaga wa'adi ba haramun ba ne, masu tsarin da kansu sun bar ƙofar. Inda na rabu da shi: a ɗaga wa aikin nan kaɗai. A OFBiz kana iya sa transaction-timeout a kan sabis guda, sauran su zauna yadda suke. Amma limit_time_real na Odoo kowa da kowa ya shafa. Ka sa 7200 ka manta, wata rana wani rahoto ya maƙale, ma'aikata huɗu gare ka, mutum huɗu sun danna shi, shi ke nan kamfani ya tsaya cak har awa biyu.

Baban Ikram: Shi ya sa na ce a mayar.

Mai Java: Ranka ya daɗe, sabar nawa ka taɓa gada ka tarar an mayar?

Baban Ikram: Wannan kuma ka kama ni.

Ɗan Fagge: Jama'a ku yi haƙuri, saboda matsin lokaci na bi shawarar Yaya Baban Ikram a kan kwafin gwaji. Na dawo da ajiyar Laraba, na ɗaga duka ukun. Ya yi minti 47 yana tafiya, ina zaune ina kallon fanka. Sai ya faɗi a layi na 71,204, wai bai sami kwastoma ba. Na duba, lambar wayar mutumin Excel ya cinye sifirin farko, maimakon 080 ta fara da 80. Komai ya warware. Minti 47 sun tafi a banza saboda sifiri ɗaya.

'Yar Gombe: Ka gyara wannan ka sake jira minti 50 ya faɗi a layi na 74,000 saboda wani abin daban. Da haka za ka kai Litinin. Excel ba sifiri kaɗai yake ci ba, duba lambobin jikin kaya ma, masu lamba 13 da ke farawa da 615, in ba a mayar da gurbin rubutu ba sai ka ga 6.15E+12, in aka adana CSV a haka sauran lambobin sun tafi ke nan.

Ni shawarata mai sauƙi ce. Yanka shi ɗari biyar-biyar, kowane kashi ya yi komit ɗinsa. Wanda ya faɗi ka rubuta shi gefe ka wuce. A ƙarshe ka zauna da layukan da suka ƙi shiga, wataƙila ba su kai ɗari ba, ka gyara su da hannu.

Maman Sultan: A'a. A nan ne zan sa baki, ku yi min afuwa ni ba mai rubuta kod ba ce, akanta ce, shekarata goma sha ɗaya ina rufe littafin wata. Wannan warwarewar da kuke kuka da ita ni rahama ce a wurina. In an ce komai ya koma, na san inda nake: babu abin da ya shiga. Amma ku shigar min da bashi 70,000 ku bar 16,000 a waje, ranar Litinin mai shago ya zo biya, yarinyar kanta ta duba ta ce Alhaji 200,000 ake bin ka, alhali 350,000 ne, ya biya ya karɓi rasit ya tafi. Wa zai je ya ce masa ya dawo? Ku a wurinku layi ne ya faɗi, mu a wurinmu rigima ce da mutumin da aka shekara ashirin ana ciniki da shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

'Yar Gombe: Hajiya ai ba cewa na yi a buɗe wa masu kanta kafin a gama ba.

Maman Sultan: Ƙanwata, Alhaji ya ce Litinin. Kin taɓa ganin an gaya wa mai kamfani saura layi 90 ya ce to a ɗaga? Cewa zai yi a fara, a ƙarasa daga baya. Daga bayan nan kuwa ni ake bar wa.

Malam Na-Zazzau: Ku biyun duk kuna da gaskiya, sai dai kowa da abin da take magana a kai. Hajiya tana so littafi ya kasance ko duka ko babu. 'Yar Gombe tana so kada aikin awa guda ya rataya a kan zare ɗaya. Kuskuren Ɗan Fagge shi ne ya ɗaure abu huɗu a ɗauri guda: karanta fayil, tantance shi, ƙirƙirar rasit, da hawa littafi. Na ƙarshen ne kaɗai Hajiya take da haƙƙi a kai.

Baƙo ba ya faɗawa tsakar gida kai tsaye, a zaure ake tsayar da shi a ji da me ya zo. Yi wa bayanan nan zaure. Tebur ɗaya a PostgreSQL wanda babu ruwansa da lissafi, duk guraben rubutu ne zalla, ka zuba fayil ɗin ciki da umarnin COPY. Layi 86,000 ba zai kai ka minti ɗaya ba, don babu ORM (gadar da Odoo ke bi zuwa rumbu), babu lissafin haraji, babu komai. Ƙara masa gurbi biyu: matsayi, da dalilin ƙi. Sannan ka tantance da SQL, yaren tambayar rumbu, a zauren: waɗanne lambobin waya ne babu mai su, waɗanne kaya ne babu su a jeri, ina kwanan wata ya karkace, ina adadi ya zo babu. Tambaya ɗaya za ta fito maka da duk masu ciwon sifiri a lokaci guda, ba sai ka jira minti 47 kowanne ya gabatar da kansa ba. Ka fitar da su ka kai wa mutanen kamfanin su gyara, don su suka san waye wane.

Sai zaure ya yi tsaf za ka fara ƙirƙirar rasitai, kuma a matsayin daftari. Daftari bai hau littafi ba, bai taɓa bashin kowa ba. Nan ne wurin yankan 'Yar Gombe: kashi-kashi, kowane kashi da komit ɗinsa. Sai dai ka yanka a kan iyakar rasit, kada layi 500 ya cika a tsakiyar rasit ka raba shi biyu. Kuma alamar "an gama" da za ka sa wa layin zaure ta kasance cikin tiransakshan ɗaya da rasit ɗin da aka ƙirƙira. In wuta ta ɗauke, ko su tsira tare ko su tafi tare. Da ka tayar da shi zai ɗora daga inda ya tsaya.

Bayan nan Hajiya ta zo da jimillarta daga tsohon littafi, kai ka zo da jimillar daftari. In sun yi daidai har kobo, a tabbatar.

Mai Java: Ƙari a kan na Malam: sa ƙa'idar hana maimaici a rumbun kansa, a kan lambar tsohon rasit haɗe da reshe. Kada ka dogara da "in babu shi ka ƙirƙira" a cikin Python, don buƙata biyu za su iya dubawa a lokaci guda kowacce ta ga babu. Da akwai wannan ƙa'ida daren Laraba, dannawa ta biyu da ta uku da sun faɗi da kansu. Mai shigarwa na Odoo ma abin da External ID yake yi masa ke nan, in ka sake loda fayil ɗin sai ya sabunta na ciki maimakon ya haifi sabo.

Ɗan Fagge: Na fahimta. Amma Malam na taɓa karantawa a ƙa'idojin Odoo cewa kada mutum ya kira cr.commit() da kansa. Ya zan yi komit kashi-kashi?

Malam Na-Zazzau: Daidai ka karanta, kuma dalilinsu mai kyau ne: a cikin buƙatar da ta zo daga burauza, tiransakshan ɗin ba naka ba ne, na tsarin ne, ba ka san me aka riga aka rubuta a cikinsa kafin a iso kod ɗinka ba. Amsar ita ce aikin ya bar burauza gaba ɗaya. Maɓalli ya karɓi fayil, ya zuba a zaure, ya ce "an karɓa", ya sallami mutum cikin daƙiƙa biyar. Sauran aikin na bayan fage ne. Ko aikin cron, mai tashi da kansa lokaci-lokaci, da zai ɗebi kashi ya gama ya yi komit, ko queue_job, ƙarin da ƙungiyar masu haɓaka Odoo (OCA) ta yi, inda kowane kashi aiki ne mai zaman kansa da tiransakshan ɗinsa. Na sau ɗaya irin naka ma odoo shell, inda kake ba Odoo umarni kai tsaye a kan saba, ya isa, can babu nginx babu agogon ma'aikaci.

'Yar Gombe: Amma a kula, cron ma ba a sake yake ba. limit_time_real_cron in ba ka saita shi ba, na limit_time_real yake gada, wato 120 ɗin nan dai. Kuma queue_job ta cikin ma'aikatan HTTP yake gudanar da ayyukansa, agogon yana kansu. Don haka ko ta ina ka bi, kashin ya zama ƙarami. Ni nakan auna ne: in kashi ɗaya ya haura daƙiƙa 30, na rage shi. Sannan in ta SSH za ka shiga ka kunna shell, don girman Allah buɗe tmux tukuna, shi ke riƙe aikin ko layi ya yanke. Na taɓa barin aiki yana tafiya daga kwamfutata, layin waya ya yanke ina cikin Keke Napep, aikin ya bi shi.

Abu biyu da za su rage maka lokaci: sa tracking_disable a context don kada kowane rasit ya tsaya rubuta tarihin kansa a ƙasa, kuma ka miƙa wa create jerin rasitai a kira ɗaya, ba ɗaya-ɗaya cikin zagaye ba. Kwastomomi ma ɗebo su sau ɗaya ka riƙe a memori, kada ka je rumbu neman lambar waya sau 86,000.

Sabon Shiga: Salam manya, don Allah akwai mai neman ɗan koyo? Na iya HTML da CSS.

Shugaban Guruf: Wa'alaikumus salam. Ranar Asabar ake saka neman aiki, ɗan'uwa. A ci gaba.

Baban Ikram: To ni tambayata ga Malam. Ka raba komai, na ji. Amma matakin ƙarshe fa? Tabbatar da rasitai dubu goma sha wani abu shi ma ba zai ƙare a minti biyu ba. In ka yi shi a ɗauri ɗaya ka dawo gidan jiya, wato maganata ta ɗaga wa'adi. In ka yanka shi, Hajiya ta ce ba ta yarda ba. An gudu ba a tsira ba.

Malam Na-Zazzau: Tambaya ce mai kyau, kuma a nan zan ba ka rabin gaskiya. In babu kowa a kan tsarin, kuma an riga an tantance komai, dogon tiransakshan ɗaya a shell ba laifi ba ne, don abin da zai kayar da shi a tsakiya an riga an cire shi a zaure. Abin da nake ƙi shi ne dogon tiransakshan a kan bayanan da ba a duba ba, ko a kan tsarin da mutane ke ciki.

Na biyun nan ya fi muni, bari in faɗi dalili tunda za ka sake haɗuwa da shi. Duk layin da tiransakshan ya gyara, yana riƙe da kullensa har sai ya yi komit. Lambar rasit kuma ba a so ta yi giɓi, don haka masu tabbatar da rasit a littafi ɗaya bin juna suke yi. Kai kana riƙe da lamba tun minti arba'in da suka wuce, yarinyar kanta ta danna nata, sai juyawa. Sannan Odoo a matakin REPEATABLE READ yake aiki: hoton rumbun da ka ɗauka a farko shi kake gani har ƙarshe. In wani ya gyara layin da kai ma za ka taɓa daga baya, PostgreSQL zai ce could not serialize access due to concurrent update, Odoo ya sake gwada buƙatar tun daga farko, har sau biyar. Buƙatar daƙiƙa ɗaya ba wanda zai lura. Ta minti arba'in kuwa, lissafa da kanka. Na uku, mai sharar PostgreSQL, autovacuum, ba ya iya kwashe matattun layukan da tsohon tiransakshan zai iya buƙatar gani. Muddin kana buɗe, shara tana taruwa a duk rumbun, ba a teburinka kaɗai ba.

In kana so ka gani da idonka, lokacin da abin ke tafiya buɗe pg_stat_activity ka dubi xact_start, sannan ka kira pg_blocking_pids a kan wanda ya maƙale. Zai nuna maka lambar wanda ya tare hanya.

Mai Java: Kuma PostgreSQL shi a karan kansa ba ya korar kowa sai ka ce ya kora. statement_timeout sifiri yake zuwa, wato babu iyaka. idle_in_transaction_session_timeout tun sigar 9.6 yake, shi ma a kashe. Sai a sigar 17, da ta fito a 2024, aka ƙaro transaction_timeout mai auna tiransakshan ɗin gaba ɗayansa. Masu ERPNext, wata manhaja irin Odoo, kuma ku kula da naku: a MariaDB da MySQL innodb_lock_wait_timeout daƙiƙa 50 ne, kuma in ya cika, umarnin ƙarshe kaɗai yake warwarewa, ba duka tiransakshan ba, sai in an kunna innodb_rollback_on_timeout. Wanda ya kama kuskuren a kod ya wuce ya yi komit, ya adana rabin aiki bai sani ba.

Maman Sultan: Ni duk wannan ya fi ƙarfina. Amma ina da tambaya ga yaron nan. Ɗana, cikin layi 86,000 ɗin, nawa ne har yanzu ba a biya ba?

Ɗan Fagge: Ban duba ba Hajiya. Fayil ɗin aka ba ni aka ce cinikin bashi ne a shigar.

Maman Sultan: Duba.

Ɗan Fagge: Na zuba a zaure kamar yadda Malam ya ce, daƙiƙa kaɗan ya ɗauka wallahi. Rasitai 18,900 ne gaba ɗaya. Waɗanda ke da saura a kansu 2,340.

Maman Sultan: To me ya kai ka shigar da bashin da aka biya tun 2022? In ka shigar da rasit ɗin da aka biya, dole ka shigar da biyansa, ka haɗa su, in ba haka ba tsarin zai ce ana bin mutum. Kuma cinikin shekarun baya zai hau sabon littafi alhali an riga an rufe waɗannan shekarun an kai wa masu haraji. Mu abin da muke yi in za a koma sabon tsari: a tsayar da rana, a ɗauko abin da ya rage a kan kowa a ranar. Kowane rasit da ba a gama biya ba ya shigo da layi ɗaya: lambarsa ta asali, ranarsa, ranar da ya kamata a biya, da saura. Ba sai an jero buhun shinkafa nawa katan ɗin taliya nawa ba, kayan sun riga sun fita daga sito tuntuni. Ɗaya ɓangaren kuma ya tafi asusun buɗe littafi, kada ya taɓa asusun ciniki. Layi 2,340 ke gabanka, ba 86,000 ba.

Baban Ikram: Mu muna ta faɗa a kan girman ƙofa, Hajiya ta ce a rage kayan.

Ɗan Fagge: Amma Alhaji ya ce yana so in ya buɗe kwastoma ya ga duk abin da ya taɓa saya.

Maman Sultan: Gani yake so, ba lissafi ba. Wannan zauren na Malam ku gyara shi ku bar masa ya riƙa dubawa, kada kowa ya iya taɓawa. In ya yi gardama ka ce akanta ce ta ce, ka haɗa shi da tasa akantar, na san abin da za ta gaya masa.

Malam Na-Zazzau: Na sallama wa Hajiya. Sai dai kada ka jefar da tsarin kashi-kashin. Ka ce suna da rassa, duk suna kan intanet?

Ɗan Fagge: Biyu ba su da shi sosai. An ce duk Juma'a za su riƙa turo Excel na cinikin mako a shigar, kamar layi 6,000 zuwa 8,000.

Malam Na-Zazzau: To ka gani. Wannan kuma da rana za a yi shi, masu kanta suna ciki, kuma ba kai za ka danna ba, wani ne da in ya ga abin yana juyawa zai sake dannawa. Shi ne ainihin aikin da za ka gina wa zaure da cron da hana maimaici. In za ka sa ma'aikaci fiye da ɗaya su ɗebi layuka, yi amfani da FOR UPDATE SKIP LOCKED don kada biyu su kama kashi ɗaya. Kuma ka nuna wa mai lodin lamba a allo: an karɓi kaza, an gama kaza, kaza sun ƙi ga dalili.

Baban Ikram: Ashe ba sau ɗaya ba ne a rayuwar kamfanin. Na janye rabin maganata. Ɗaya rabin ina riƙe da shi: nginx dai a bar shi 720, don bai kamata na gaba ya riga na baya gajiya ba. In za a yanke, na ciki ya fara yankewa, ta yadda in mutum ya ga kuskure to da gaske aikin ya mutu.

Malam Na-Zazzau: Wannan rabin na sa hannu.

Ɗan Fagge: Barkanmu da Lahadi jama'a. Rahoto: na mayar da odoo.conf 60 da 120, nginx 720. Tantancewa a zaure ta fito da lambobin waya 212 marasa sifiri, na gyara su da umarni ɗaya, da kwastomomi 17 da babu su sam, akantarsu ta gano su jiya da yamma. Rasitai 2,340 sun shiga daftari, ɗari-ɗari, cikin minti huɗu da 'yan daƙiƙu. Na kashe aikin da gangan a tsakiya na sake tayarwa, ya ɗora daga inda ya tsaya, babu maimaici ko ɗaya. Jimilla ta zo daidai da tsohon littafi sai bambancin naira 38,500.

Maman Sultan: Kada ka tabbatar. Nemo ta.

Ɗan Fagge: Na samo Hajiya. Rasit ɗaya ne reshe ya rubuta kwanansa wata kafin rana, 03/11 maimakon 11/03, sai ya faɗa bayan ranar da muka tsayar, tacewata ta bar shi a waje. Na duba sauran na reshen, akwai guda 26 masu irin wannan juyin, amma su suna ciki, ranar biyansu ce kawai ta karkace.

Maman Sultan: Gyara su duka 27 kafin ka tabbatar, in ba haka ba rahoton tsufan bashi zai yi ƙarya. In ka gama ka turo min jimillar kowane reshe daban ta akwatina, in sa ido kafin Magariba.

Ɗan Fagge: To Hajiya, yanzu kuwa.